Karatun Hoto a Bakin Gulbi

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure ko walimar saukar Alƙur'ani a Birnin Kebbi cikin 'yan shekarun nan, ko kuwa ya tsaya a gaɓar Matan Fada ranar da Argungu ta cika ta batse, ba zai kasa lura da wasu samari ba, har da 'yan mata jefi-jefi, waɗanda ke ratsa taro da kyamara rataye a wuya, su durƙusa nan, su ɗage can, jama'a na ƙwala musu kira ta ko'ina, mai hoto ɗauke ni, mai hoto zo nan. Galibinsu sun wuce matsayin sabon shiga, domin sun san inda ake kunna na'urar, sun san yadda ake zuba hotuna a kwamfuta, wasu ma da wannan sana'a suke ci da kansu da iyayensu; amma in mutum ya zauna ya dubi aikinsu da idon basira, sai ya tarar hoton bara da na bana duk ɗaya ne, hannu ya saba, ilimi kuwa ya tsaya inda ya tsaya tun watannin farko. A kan waɗannan matasa, da irin karatun da ya kamace su, wannan rahoto zai yi bayani.

Malamanmu na zaure sun daɗe da kasa masu neman ilimi kashi uku, mubtadi'i da mutawassiɗi da muntahi, watau mai farawa da na tsakiya da wanda ya kai gaci, kuma sun san cewa na tsakiyan nan shi ya fi zama cikin haɗari, saboda ya san abin da zai sa a yaba masa, bai kuwa san abin da zai nuna masa gibinsa ba. Ɗalibin da ya sauke Ahalari da Ishmawi, in bai sami wanda zai zaunar da shi gaban Risala ba, yakan ƙare rayuwarsa yana maimaita babin alwala. Haka lamarin yake ga mai hoto wanda ya bar kyamararsa a kan atomatik: na'ura ce ke yanke hukunci a madadinsa, shi kuwa danna maɓalli kaɗai ya rage masa.

Daga ɗaki mai duhu zuwa katin memori

Wannan fanni yana da tushe a gidanmu fiye da yadda da yawa suke zato. Alhasan ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen shekarar 1040, shi ne ya tabbatar a cikin Kitabul Manaziri cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu wanda haske ke kutsawa cikinsa ta 'yar huda. Sai bayan ƙarnoni takwas, a 1839, Daguerre ya bayyana wa mutanen Faransa dabarar kama wannan sura a kan faranti. George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak a 1888. Sa'an nan a 1975 wani injiniyan kamfanin, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai ajiye hoto ba tare da fim ba.

Dattawanmu suna tuna mai hoton da, wanda ke kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa ko ƙofar asibiti, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya wanke hoton fasfo nan take mutum na tsaye. Bayansa aka yi zamanin fim, wanda naɗi guda ba ya wuce hoto 36, kowane da kuɗinsa, ba a kuwa ganin sakamako sai an kai wanki an dawo. Wannan tsada ita ce ta horar da mutanen wancan zamani, domin wanda ya san kowace dannawa tana cin aljihunsa dole ya tsaya ya dubi rana, ya dubi inuwa, ya gyara tsayuwar mutum, kafin ya taɓa maɓalli. Katin memori ya kawar da tsadar, wanda alheri ne babba, amma ya tafi da natsuwar da tsadar ke tilastawa, har ya zama yaro yana ɗaukar hoto dubu a biki guda yana fatan goma su dace. Babban aikin mai koyar da 'yan tsakiya shi ne ya mayar musu da wannan natsuwa ta hanyar ilimi, tun da rashi ba ya tilasta ta kuma.

Inda ake koyo, da inda koyon ke yankewa

Hanyar da aka fi bi a Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, ita ce zaman shago. Uba ya kai ɗansa wurin mai shagon hoto ya danƙa amana, yaro ya fara da shara da riƙon fitila da kai wa mutane hotunansu, sannu a hankali maigida ya miƙa masa kyamara ya ce je ka wurin suna kaza. Hanya ce mai albarka, domin tana koyar da ladabi da cika alkawari da sanin mutane, sai dai iyakarta iyakar sanin maigida, kuma shago wurin neman abinci ne, ba kasafai ake samun sukunin tsayawa a yi bayanin dalili ba. Daga nan sai matashi ya koma YouTube, inda ilimi yake jibge, amma mafi yawansa da Turanci, kuma daga bakin mutanen da ke aiki ƙarƙashin wata rana dabam, waɗanda ba su taɓa fama da hazon hunturu ko zafin bazara mai haura digiri 40 ba. Masu hali sukan nufi Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, amma wannan tafiya ba ta kowa ba ce.

Abin da ya ɓace tsakanin shago da waya shi ne darasi na aiki da hannu: ɗalibai kaɗan, kowa da kyamararsa, malami na tsaye a kafaɗarsu a cikin ainihin hasken da za su yi sana'a a cikinsa, yana ganin kuskure lokacin da ake yinsa, yana gyarawa kafin ya zama ɗabi'a.

Mizani uku da farar riga

Ginshiƙin wannan karatu abubuwa uku ne da ke auna hasken da ke isa cikin kyamara. Na farko ƙofar haske, wadda ake faɗaɗawa ko a tsuke. In an buɗe ta sosai, kamar f/2.8, sai fuskar mutum ta fito tas bayansa ya narke, in kuwa an tsuke ta zuwa f/11 sai na kusa da na nesa duk su fito. Na biyu saurin ƙiftawa, watau tsawon lokacin da marfi ke buɗe, ko kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa ko kashi ɗaya cikin 1000. Na uku ISO, wanda in an ɗaga shi kyamara takan gani cikin duhu, amma hoton ya yi tsaki-tsaki. Kowane mataki a ɗayansu yana ninka haske ko ya raba shi biyu, saboda haka abin da aka rage a nan dole a biya shi a can. Wannan bayani ana iya haddace shi cikin rabin sa'a, amma yatsa ba ya karɓarsa sai da maimaici.

A ɗauki misalin da kowane mai hoto a Birnin Kebbi ya sani, wato dattijo cikin farar babbar riga da rawani, da hantsi, a ƙofar fadar Sarkin Gwandu ranar Salla. Ma'aunin da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, tsakanin fari da baƙi. Da ya ga farin shadda ya cika fili, sai ya rage haske, riga ta koma ruwan toka, fuskar mai ita ta nutse cikin inuwar rawani. Ɗalibi ya dubi bayan kyamara ya ce, Malam, fuskar ta yi duhu. Malamin kirki ba ya karɓar kyamarar ya gyara da kansa. Yakan sa shi ya ƙara haske mataki guda, ya sake ɗauka. Fuska ta fito, amma sai ga aikin aska takwas da ke ƙirjin rigar ya ɓace cikin fari fat, alhali mai riga don wannan aiki ya biya maɗinki. A nan ne ɗalibi zai gane cewa maganin yana wajen kyamara: a nemi alfarmar dattijo ya matsa taku uku zuwa inuwar zaure, a sa wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske kan fuska, sa'an nan a duba jadawalin haske na bayan kyamara a tabbata gefensa na dama bai ci karo da bango ba. Wanda aka bi da shi wannan hanya sau ɗaya, da rana a kansa da gumi a goshinsa, ba ya mantawa har abada.

Sa'a guda a Matan Fada

Allah ya hore wa wannan yanki filin gwaji wanda samun irinsa sai an tona. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya su na gayya don girmama baƙo da kuma hatimce sulhu bayan dogon zamanin gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam a 2016, kuma bayan ya yi kimanin shekara goma ba a yi ba, ya dawo a watan Maris na 2020, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Da an harba bindiga, dubban masunta kan kwararo cikin ruwan Matan Fada da homa da gora, makaɗa na bin su cikin kwale-kwale, kuma kamar sa'a guda ake yi a tashi. Duk abin da mai hoto ya sani da wanda bai sani ba, cikin wannan sa'a yake bayyana. Ƙyallin ruwa yana yaudarar ma'auni kamar yadda farar riga ke yi, sai masunta su fito baƙaƙe wuluk in ba a ƙara haske ba. Wanda ke son ɗigon ruwa ya tsaya cak a iska yayin da aka ɗaga giwan ruwa, ba zai sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin 1000 ba. Wanda kuwa ke son a ji gudun kwale-kwale a tseren Kabanci, sai ya sassauta zuwa kashi ɗaya cikin 30, ya bi jirgin da kyamara daidai da tafiyarsa, har gaɓa ta zama zane-zane matuƙa su fito sarai. Ƙurar da dubban ƙafafu ke tayarwa tana hana sauya gilashin kyamara a fili, domin ƙwaya guda in ta sauka ciki za ta bayyana a kowane hoto har a koma gida. Da yawa kuma sukan danne maɓalli tun harbin farko, kati ya cika ko batir ya mutu kafin a kawo manyan kifaye gaban sikeli.

Saboda haka darasin Matan Fada ba a ranar biki ake fara shi ba. Malami yakan fita da ɗalibansa makonni kafin nan, su taka gaɓa su ga ta inda rana ke faɗowa, su gwada hannu a kan masunta na yau da kullum da masu wanki da jiragen fito, kowa ya ƙudurta abin da zai nema. Domin hoton babban kifi kowa zai samu, har baƙon da ya sauka jiya. Amma fuskar masuncin da ya fito hannu rabbana yana matse wandonsa, da tsohon da ke ɗinkin homa a gindin bishiya, da Sarkin Ruwa cikin mutanensa kafin a buɗe ruwa, waɗannan sai ɗan gari wanda ya san inda zai tsaya da wanda zai gaisar.

Akwai kuma darasin ƙarancin haske, wanda Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ya dace da shi, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942 aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. A can, bayan an nemi izinin masu kula da wurin, ɗalibi zai koyi kashe filashi, ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya bar hasken taga ya zo daga gefe don tsatsar takobi da saƙar sulke su fito. Fadamun shinkafa kuwa, waɗanda suka sa aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, makaranta ce ta sassafe da la'asar sakaliya, lokacin da haske ke kwantawa a kan ruwa da bayan masu dashe.

Majalisar gyara

Rabin karatun ana yin sa ne bayan an dawo. Kowane ɗalibi ya zaɓi hoto goma kacal daga ɗaruruwan da ya ɗauka, a haska su a bango, a zauna a yi muraja'a: me ya sa ka tsaya nan, me wannan turken lantarki yake yi a bayan kan ango, ina ƙafafun doki suka tafi. Zaɓen goman nan shi kansa horo ne mai tsanani, domin yana tilasta mutum ya rabu da hoton da ya sha wahala a kansa in bai yi kyau ba. Wajibi ne kuma majalisar ta gudana da adalci, a soki hoto a bar mai shi da mutuncinsa, babba ya saurari ƙarami in gaskiya na bakinsa.

A nan ake koyar da bambancin JPEG da RAW. Na farko kyamara ta riga ta dafa shi ta zubar da saura, mataki 256 kaɗai ya rage a kowane launi. Na biyu ɗanye ne, yana riƙe da dubban matakai, ta yadda za a iya ceto fuskar da ta yi duhu ko gajimaren da ya yi fari a Lightroom, ko a darktable wadda kyauta ce. A nan kuma ake fuskantar wata fitina da ta yi katutu a sana'ar, wato buƙatar a fito da ni fari. Mai hoto yakan goge fuskar amarya har danginta su kasa shaida ta, yana ganin ya kyauta, alhali ya koya wa yarinya raina halittar da Allah ya yi mata. Baƙar fata tana da sheƙi da zurfin launi waɗanda in an iya haska su ba abin da ya kai su kyau a hoto. Gwani shi ne wanda ya nuna wa amarya kanta yadda take har ta yi murmushi ta ce a bar shi haka.

Amana da isnadi

Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, da yawa daga na wannan zamani kuma sun rarrabe tsakanin sassaƙa gunki da kama sura da kyamara. Amma babu saɓani a kan haramcin tona asiri da keta alfarmar mutane. Mai hoto yana shiga cikin gida inda baƙo ba ya shiga, yana ganin mata a wurin kamu da wuni, yana iske masunci tsirara rabi, da almajiri cikin tsumma, da majinyaci a kan gado. Neman izini kafin ɗauka, da neman wani izinin dabam kafin a saka a Facebook, da ƙin sayar da talaucin wani don a tara yabo, duk suna cikin darasi, kuma malamin da ya koyar da ƙofar haske ya bar wannan bai sauke nauyin da ke kansa ba. Wannan ma hujja ce babba ta shigar da mata cikin karatun, domin rabin rayuwar Kabi tana gudana ne a wuraren da mace kaɗai za ta iya ɗauka cikin mutunci.

Sai batun ajiya, wanda ya fi komai sosa rai. Hoton da ba a rubuta wane ne a ciki ba, a ina, a wace rana, wa ya ɗauka, ya zama kamar ruwaya marar isnadi, bayan shekara talatin ba mai iya kafa hujja da shi. Hotuna da yawa kuma a WhatsApp kaɗai suke rayuwa, inda ake matse su har ingancinsu ya zube, ranar da waya ta faɗa ruwa kuwa shi ke nan. Ƙa'idar masu sana'a ita ce kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gida dabam, sa'an nan a wanke zaɓaɓɓu a takarda. Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako sun kasance masu shago kamar namu, suna ɗaukar ma'aurata da samari 'yan gayu. Abin da ya sa duniya ta san su, har Sidibé ya karɓi babbar lambar girmamawa a Venis a 2007, shi ne ƙwarewa tare da adana fina-finansu shekara da shekaru cikin tsari. A kusa da mu, Fati Abubakar ta nuna da hotunanta na Maiduguri cewa 'yar gari tana iya gyara yadda duniya ke kallon garinsu.

Abin da ya rage a yi

Irin wannan karatu ba ya buƙatar sabon gini. Yana buƙatar gwani guda mai haƙuri, ɗalibai da ba su wuce goma ba, yini guda a mako na 'yan watanni, ɗaki mai wuta inda za a haska hotuna, da kuma bayani cikin Hausa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, duk suna da ɗakunan da za su iya buɗewa a ƙarshen mako ga matasan gari waɗanda ba ɗalibansu ba. Masarautun Gwandu da Argungu suna iya ware wa ɗaliban gurbi a wurin hawa da bakin ruwa, bisa sharaɗin su ajiye kwafin zaɓaɓɓun hotunansu, da cikakken bayani, a gidan tarihi. Tsofaffin masu hoton zamanin fim, waɗanda ke zaune yau kasuwa ta juya musu baya, su ne ya kamata a fara gayyata, domin sanin haske da ke idonsu bai tsufa ba, kuma in suka tafi da shi ba mai dawo da shi.

Jihar Kebbi an ƙirƙire ta a 27 ga Agusta 1991, kuma yaran da aka haifa a wannan shekara su ne iyaye a yau. Jikokinsu za su so ganin yadda aka yi su da noma da hawa da aure a wannan zamani, kuma abin da za su gani shi ne abin da matasan da ke rataye da kyamara yanzu suka iya ɗauka, suka rubuta, suka adana. Saboda haka koyar da su haƙƙi ne a kan masu ilimi da masu iko baki ɗaya, neman koyon kuma haƙƙi ne a kansu, ko da kuwa mutum ya riga ya yi suna a unguwarsu. Allah ya ba malamai ikhlasi, ya ba ɗalibai tawali'un komawa gaban malami.